Yadda Ake Tura Matsattsun Fayiloli Daga Wata Kwamfuta Zuwa Wata Ba Tare Da Sun Lalace Ba

A lokacin da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ke kammala kundin bincikensu, shagunan buga takardu na cikin Sakkwato sukan cika da mutane, kowa riƙe da filas ɗinsa yana jiran a buɗe masa aiki. Ƙorafin da na fi ji a irin wannan lokaci guda biyu ne: ko dai a ce zip ɗin, wato matsattsen ƙunshin da aka tattara fayiloli a ciki, ya ƙi buɗewa, ko kuma ya buɗe amma sunayen fayilolin sun rikiɗe sun zama wasu alamomi da ba mai iya karanta su. Akasari akan ɗora laifin a kan rashin kyawun sabis ko ƙwayar cutar kwamfuta, alhali sau da yawa abin da ya faru shi ne wanda ya haɗa ƙunshin ya shirya shi ne daidai da kwamfutarsa, bai yi tunanin wadda za a buɗe shi a kanta ba.

Kwamfutocin da ke hannun jama'a ba babbar manhaja ɗaya ke tafiyar da su ba. Mafi yawa suna aiki da Windows, wasu malamai da masu haɗa bidiyo suna amfani da Mac, ɗaliban ilimin kwamfuta da dama sun ɗora Linux, sannan ga wayoyin Android da iPhone waɗanda a yau ta kansu ake karɓar yawancin saƙonni. Kowace daga cikinsu tana da dokokinta game da sunan fayil da irin ƙunshin da take iya buɗewa. Saboda haka matakin farko ba a kan kwamfuta ake yin sa ba, tambaya ce: ka kira mai karɓa ka ji da wace na'ura zai buɗe, kuma ko yana da ikon ɗora sabuwar manhaja a kanta. Ma'aikacin da ke amfani da kwamfutar ofis sau da yawa ba shi da wannan izini, don haka abin da ka aika masa dole ya zama wanda na'urarsa ke buɗewa da kanta.

Zaɓen irin ƙunshi

Matsattsen ƙunshi fayil guda ne da aka tattara fayiloli da yawa a cikinsa, aka kuma rage girmansu ta hanyar taƙaita abubuwan da ke maimaita kansu. Iri huɗu ne suka fi yawo. Akwai ZIP, wanda Phil Katz ya fitar a 1989, kuma shi ne kaɗai za a iya cewa kowace na'ura ta zamani tana buɗe shi ba tare da an ƙara mata komai ba. Akwai RAR na Eugene Roshal, wanda ya fito a 1993, kuma manhajar WinRAR da ake haɗa shi da ita ta kuɗi ce, ko da yake mutane da yawa suna ci gaba da amfani da ita bayan wa'adin gwaji ya ƙare. Akwai 7z, wanda ke tafe da manhajar 7-Zip ta Igor Pavlov, wadda ta fara fitowa a 1999 kuma kyauta ce. Shi 7z ya fi ZIP iya matsewa. Na huɗu shi ne tar.gz, wanda masu Linux suka saba da shi.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: idan ba ka da tabbacin abin da ke kan na'urar mai karɓa, ka yi ZIP. Gaskiya ne cewa tun daga ƙarshen 2023 Windows 11 ta fara buɗe RAR da 7z da tar da kanta, amma kwamfutocin da ke shagunanmu da ofisoshinmu da yawa har yanzu suna kan Windows 10, wasu ma Windows 7, kuma waɗannan ba su san RAR ko 7z ba sai an ɗora musu manhaja. Ɗan rangwamen girma da za ka samu da 7z bai kai wahalar da mutum zai sha yana neman abin buɗewa ana jiran aikinsa ba. Wurin da tar.gz ya fi dacewa shi ne tsakanin Linux da Linux ko Linux da Mac, musamman ga masu rubuta manhaja, domin yana riƙe bayanin izinin kowane fayil, abin da kan ɓace idan aka haɗa ZIP a kan Windows.

Kada kuma a sa ran matsewa za ta rage girman komai. Hotunan JPEG da bidiyon MP4 da sautin MP3 an riga an matse su tun asali, haka ma takardun Word masu ƙarshen docx, waɗanda a cikinsu su ma ZIP ne. Wanda ya matse bidiyon ɗaurin aure mai gigabait biyu zai same shi kusan yadda yake. Amfanin ƙunshi a irin wannan hali shi ne tattarawa wuri guda da kiyaye tsarin folda.

Gyaran sunaye kafin a matse

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi shafar mu masu rubutu da Hausa, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Lokacin da aka ƙirƙiri ZIP, an tanadi sunayen fayiloli ne bisa wani tsohon jerin haruffa na kwamfutocin wancan zamani, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsa, balle haruffan Larabci da ake rubuta Ajami da su. Sai a 2006 aka ƙara wa ƙa'idar ZIP wata alama da ke sanar da mai buɗewa cewa an rubuta sunaye da tsarin UTF-8, wanda ya ƙunshi haruffan duk harsuna. Matsalar ita ce ba kowace manhaja ke sanya wannan alama ba, kuma ba kowace tsohuwar manhaja ke kula da ita ba. Idan aka rubuta suna da sabon tsari aka karanta shi da tsoho, kowane harafi mai lanƙwasa sai ya tarwatse ya zama alamomi biyu marasa ma'ana. Na taɓa karɓar ƙunshin hotunan rubuce-rubucen Ajami da wani ɗalibi ya ɗauka don bincikensa, ya sanya wa kowane shafi suna da haruffan Larabci a kan Mac. Da muka buɗe a tsohuwar Windows hotunan duk suna nan lafiya, amma ba mu iya gane wane shafi ne ke bin wane ba, sai da ya zauna ya sake jera su ɗaya bayan ɗaya.

Ba ina cewa mu daina rubuta Hausa daidai ba ne. A cikin takarda, ka rubuta ƙasa da ƙ ɗinta, ɗalibi da ɗ ɗinsa, domin abin da ke cikin fayil ba ya taɓuwa. Sunan fayil kaɗai ake magana. Idan ƙunshin zai tsallaka daga wata babbar manhaja zuwa wata, hanya mafi aminci ita ce a rubuta sunaye da haruffan boko marasa lanƙwasa da lambobi, a kuma raba kalmomi da ɗan layin tsakiya ko na ƙasa, misali babi-01-gabatarwa.docx, babi-02-bitar-ayyuka.docx. Ka lura da sifirin da ke gaban lamba: idan babu shi, wasu manhajoji za su jera babi na 10 kafin babi na 2. Idan kuwa ainihin sunayen suna da muhimmanci, kamar a aikin adana tsofaffin rubuce-rubuce, sai a ba fayiloli lambobi, a haɗa wata takarda guda a cikin ƙunshin wadda ta jera kowace lamba da cikakken sunanta na Hausa ko Larabci. Wanda ya ga lallai sai sunayen sun tafi yadda suke, ya yi amfani da 7-Zip, ya rubuta cu=on a gurbin da aka rubuta Parameters, ko kuma ya zaɓi 7z idan ya san mai karɓa na iya buɗe shi, domin 7z ba shi da wannan matsala ko kaɗan.

Bayan haruffan Hausa, akwai alamomi tara da Windows ta haramta a sunan fayil, su ne \ / : * ? " < > da |. Linux tana yarda da kusan dukansu, don haka fayil mai suna da alamar tambaya ko ɗigo biyu zai zauna lafiya a can, amma ya ƙi fitowa a Windows ko ya fito da wani suna. Wannan ya fi faruwa ga masu sanya kwanan wata ko lokaci a suna. A maimakon haka a rubuta kamar 2024-03-15. Haka kuma Windows ba ta karɓar sunaye irin su CON da PRN da AUX da NUL. Sai batun manya da ƙananan haruffa: a wajen Linux, Rahoto.docx da rahoto.docx fayiloli biyu ne daban, amma a wajen Windows, da Mac a yadda take zuwa daga kamfani, suna ɗaya ne, don haka wajen buɗewa ɗaya na iya hawa kan ɗaya ya shafe shi. Wannan asara ce da ba ta yin ƙara, mutum ba zai sani ba sai ranar da ya nemi fayil ɗin.

Abu na ƙarshe a nan shi ne tsawo. A tsarin da Windows ta saba da shi, cikakken adireshin fayil, wato sunayen duk foldojin da yake ciki haɗe da nasa, ba ya wuce haruffa 260. Wanda ya yi folda cikin folda har hawa bakwai, kowace da dogon suna, zai iya samun saƙon kuskure wajen buɗewa. A gajarta sunaye, a rage hawa.

Haɗa ƙunshin

Ka tattara duk abin da za ka aika a folda guda, ka ba ta suna mai ma'ana, sannan ka matse foldar kanta, ba fayilolin a warwatse ba, domin idan mai karɓa ya buɗe kada su bazu a fuskar kwamfutarsa. Ka rufe duk takardar da ke buɗe a Word ko Excel kafin ka fara.

A Windows 10, ka danna foldar da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Send to, sannan zaɓin da ya fara da kalmar Compressed. A Windows 11 zaɓin Compress to yana nan a jerin farko. Idan kana da 7-Zip, ka zaɓi Add to archive, ka tabbata a gurbin Archive format an zaɓi zip. A Ubuntu da makamantanta akwai Compress a jerin da maɓallin dama ke fitarwa, ko kuma a rubuta umarnin zip -r aiki.zip aiki a tagar umarni.

A Mac ma danna dama da zaɓen Compress ya wadatar, sai dai akwai abin da ya kamata mai Mac ya sani. Ƙunshin da aka haɗa ta wannan hanya yakan tafi da wata folda mai suna __MACOSX da fayiloli masu suna .DS_Store, waɗanda mai Mac ba ya ganinsu amma mai Windows yana gani. Ba ƙwayar cuta ba ce, bayanan tsarin Mac ne kawai, kuma share su ba ya cutar da takardu ko hotuna. Illarsu ita ce a cikin waccan folda akwai ƙananan fayiloli masu suna iri ɗaya da na gaskiya, sai dai sun fara da ɗigo da layin ƙasa, kuma na sha ganin mai shago ya danna ɗaya daga cikinsu, ya ƙi buɗewa, ya ce wa mai aiki fayil ɗinsa ya lalace. Mai Mac zai iya kauce wa wannan ta amfani da manhajar Keka, wadda ke da zaɓin cire waɗannan bayanai, ko ta rubuta zip -r -X aiki.zip aiki -x "*.DS_Store" a Terminal. In bai yi ko ɗaya ba, to ya gaya wa mai karɓa ya yi watsi da waccan folda.

Kalmar sirri

Idan ƙunshin ya ƙunshi sakamakon jarrabawa, ko jerin albashi, ko bayanan marasa lafiya, kulle shi wajibi ne. ZIP yana da kulle iri biyu. Tsohon, mai suna ZipCrypto, kusan kowace na'ura tana buɗe shi, amma rauninsa sananne ne, kuma wanda ya san aiki zai iya karya shi. Sabon, AES-256, shi ne mai ƙarfi, sai dai manhajar buɗe ZIP da ke zuwa tare da Windows ba ta iya buɗe shi, kuma saƙon da take bayarwa bai fito fili ya ce matsalar ta kulle ce ba. Don haka idan ka zaɓi AES-256, wanda shi nake ba da shawara a kan duk abin da ke da muhimmanci, ka sanar da mai karɓa ya tanadi 7-Zip a Windows ko Keka a Mac. Ka kuma sani cewa ZIP, ko an kulle shi, yana nuna sunayen fayilolin da ke ciki ga duk wanda ya danna shi. 7z ne ke da zaɓin ɓoye sunayen su ma.

Kada kalmar sirri ta bi hanya ɗaya da ƙunshin. Idan ka aika ƙunshi ta imel, ka faɗi kalmar ta kiran waya. Ka guji haruffa masu lanƙwasa a cikinta, domin allon rubutun mai karɓa ba lallai ne yana da su ba. In ka manta ta, babu ofishin da za ka je a buɗe maka.

Hanyar da ƙunshin zai bi

Filas ita ce hanyar da aka fi bi a nan, kuma tana da nata tarko. Yawancin ƙananan filas suna zuwa da tsarin FAT32, wanda kowace na'ura ke karantawa amma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da kuwa akwai sarari mai yawa a ciki. Shi ya sa za ka ga filas mai gigabait 32 babu komai a cikinta tana cewa fayil ya yi girma. Tsarin NTFS na Windows ba shi da wannan iyaka, amma Mac tana karanta shi ne kawai, ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Wanda ya haɗa duka biyun shi ne exFAT: Windows da Mac suna karanta shi suna rubutu a kansa, kuma Linux ta shigar da shi cikin ginshiƙinta tun 2019. Don sanin tsarin filas ɗinka, ka danna ta da maɓallin dama ka zaɓi Properties a Windows ko Get Info a Mac. Sauya tsari yana share duk abin da ke ciki, saboda haka a kwashe komai tukuna. Bayan kwafi kuma kada a fizge filas. A cire ta ta hanyar Eject, domin ƙunshin da bai gama sauka ba ba ya buɗewa ko da kaɗan ne ya rage.

Ta intanet, Gmail yana karɓar fayil ɗin da aka maƙala wa saƙo har megabait 25, kuma yana ƙin ƙunshin da ya gano akwai fayil mai ƙarshen exe a ciki. WhatsApp yana ɗaukar fayil har gigabait 2 idan an tura shi a matsayin takarda, kuma a nan ƙunshi yana da wata fa'ida, domin hotunan da ke cikinsa suna isa da cikakken ingancinsu ba tare da an rage su ba. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ake rabawa da akwatin imel. Idan ƙunshin babba ne kuma sabis yana yankewa, ko ana fargabar a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, 7-Zip yana iya yanka shi gunduwa-gunduwa: a gurbin Split to volumes a rubuta misali 500M, sai ya fitar da fayiloli masu ƙarshen 001 da 002 da sauransu. Idan ɗaya ya katse, shi kaɗai za a sake turawa, ba a yi asarar data a kan duka ba. Mai karɓa zai tara su duka a folda guda ba tare da ya sauya sunan ko ɗaya ba, sannan ya buɗe na 001 da 7-Zip ko Keka.

Gwaji kafin aikawa da bayan karɓa

Kafin ka aika, ka buɗe ƙunshin da kanka a wata sabuwar folda, ka ƙirga fayiloli, ka buɗe biyu ko uku. A 7-Zip akwai maɓallin Test, wanda ke duba kowane fayil da lambar tantancewar da aka ajiye masa lokacin matsewa. Idan da hali, ka tura wa wayarka ka gani ko ta buɗe. Manhajar Files ta Google a Android da Files ta iPhone duk suna buɗe ZIP.

Ga aiki mai nauyi, akwai hanyar tabbatar da cewa abin da ya isa shi ne abin da ya tashi, ba tare da ko harafi ɗaya ya sauya ba. Ana fitar da wata lamba mai haruffa 64 da ake kira SHA-256 daga ƙunshin a ɓangarorin biyu, a kwatanta. A Windows umarnin shi ne certutil -hashfile aiki.zip SHA256, a Mac shasum -a 256 aiki.zip, a Linux kuma sha256sum aiki.zip. Idan lambobin sun yi daidai amma ƙunshin ya ƙi buɗewa, to matsalar tana wajen manhajar mai karɓa. Idan sun bambanta, a hanya ya lalace, sai a sake turawa.

Shi kuma mai karɓa, kada ya yi aiki a cikin ƙunshin kai tsaye. Windows tana nuna ZIP kamar folda ce, har mutum ya buɗe takarda ya yi gyara na awa guda, alhali kwafin wucin gadi yake gyarawa. Ya danna dama ya zaɓi Extract All, ya fitar da komai zuwa folda ta gaskiya, sannan ya fara aiki. Ya kuma kunna zaɓin File name extensions a ƙarƙashin View domin ya riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil, saboda masu yaɗa ƙwayar cuta sukan ɓoye ta a ƙunshi da suna irin takarda.pdf.exe, ko su mayar da foldojin filas gajerun hanyoyi masu ƙarshen lnk, abin da duk mai yawo da filas tsakanin shaguna ya taɓa cin karo da shi. Mai amfani da WinRAR ya sabunta ta, domin a 2023 an gano wata kafa a cikinta da ke ba mugun fayil damar tashi idan an danna abin da ke kama da takarda, kuma an toshe ta a fitowa ta 6.23, sai dai manhajar ba ta sabunta kanta, sai mutum ya sauko da sabuwar ya ɗora. Wanda ya aika kuma ya riƙe ainihin foldarsa, kada ya share ta sai mai karɓa ya kira shi ya ce ya buɗe, ya ƙirga, kuma adadin ya cika.